Batir Ɗaya Gidanmu, Ɗaya Gidan Yaya

Ko daga barci anka tashe ni anka ce in faɗi ranar da ta fi kowace zama a raina, ba ni dogon tunani. Ranar da dogonyaro ya faɗo bisa ɗakina, ɗiyata na ciki, ita ce. Yarinyar yau da ƙafarta take zuwa islamiyya, har da rigimar ita ta iya wanke allonta. Amma har gobe in iska ta taso gabanin ruwa sai in tashi in nemo inda take. Wagga rana ba ta fita kaina sai ran da anka rufe ni.

Ni karatun boko bai yi nisa da ni ba. Abin da Allah ya ba ni shi ne kallo, sai kuma tsoro. A lokacin ina da goyon fari, komai tsoro yake ba ni: rijiya, garwashi, kunama, har bokitin wanki. Inna, uwar mai gidana, takan ce ko kaza ta yi tari a gidan sai na taso na duba. Sai dai tsoron nan a ciki nake cinye shi, don ɗiyar fari ce. Mu nan Wurno ba a nuna ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa cewa tawa ce gaban manya ba. "Yarinyar ga" nake cewa, ko "'yar Inna". In ta faɗi gaban Inna sai in kau da kai kamar ban gani ba, alhali ta gefen ido ina duba ta.

Mai gidana kafinta ne, yana kuma noman albasa da yayansa. Wata shekara albasa ta yi kyau, sai sunka haɗa hannu sunka sayo injin yankan itace. Ba irin mai shan mai da hayaƙi ba, ba shi kuma da wayar da ake jonawa a bango. Da batir yake aiki, har guda biyu. Kowane ya kai curin sabulun wanki babba, ana zura su gefe da gefe sai ka ji sun yi ƙas. Cajarsu ma baki biyu gare ta, tare ake ɗora su a sola. Jikin kowane akwai ɗan maɓalli, in an danna sai 'yan fitilu su kama, huɗu in ya cika. Duk wannan daga bakin madafa na gane shi, ina tankaɗe ina leƙe. Ran nan na tambayi mai gidana mi ya sa sai biyu. Ya ce aikin yanka itace nauyi gare shi, ƙarfin ɗaya ba shi isa, sai an haɗa na biyun wuri guda. In ka zura ɗaya kaɗai, ko motsi ba shi yi.

Injin ya kawo musu aiki ƙwarai. Har Goronyo ake kiransu rage rassa da yankan itacen rufi. Sai Yaya ya ara wa wani abokinsa na Rabah ba da sanin ƙanensa ba, anka maido shi sarƙar da ke yankan ta dakushe, da alama har ƙusa anka ci da ita. Mai gidana ya yi magana, kuma ya yi ta gaban mutane a bakin masallaci. Yaya ya ce shi ƙanen bayansa zai tsinka cikin jama'a? Daga nan anka raba kaya. Mai gidana ya riƙe inji da batir ɗaya, Yaya ya tafi da caja da ɗaya batirin. Ya kuma rantse nasa ba shi sake shiga gidanmu sai ƙanensa ya tako ya ba shi haƙuri. Yanzu in na tuna rabon nan har dariya nake. Kowane ya ɗauki abin da ba shi da amfani sai da na ɗan'uwansa, kuma kowane yana ganin shi ya yi nasara.

Haka anka ci rani. Inna ta yi magana har ta gaji. Ni kuwa ba ni da bakin magana, don tun da anka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Yaya ba. Gaisuwa ce daga durƙushe, in tashi in tsere ɗaki. Abin da nake gani kawai, wani lokaci mai gidana ya fiddo injin, ya zauna da ƙaramin magagari yana bin haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya maida. Ya danna maɓallin batirinsa ya duba, ya yi tsaki. Rabon ya zo ne bayan sun taso daga aiki, don haka namu da ɗan abin da ya rage a cikinsa ya zauna, ba wurin ƙara masa.

Ranar da abin ya faru, farkon damina ne, mai gidana ya tafi kasuwar Achida sayen ƙusa. Bayan azahar gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Yarinyar ta yi barci, lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba. Na kwantar da ita bisa katifa, na jawo ƙofa, na fita kwashe shanya. Ƙofar ta ƙarfe ce, waje take buɗewa. Ina madafa ina rufe itacen girki iska ta sauko da ruwa tare, sai na ji wani ƙara kamar ƙasa ta yage. Na fito, ban ga ƙofar ɗakina ba. Dogonyaron tsakar gida ya tumɓuke da saiwarsa ya kwanta gaban ɗakin. Babban reshe, kaurinsa ya fi cinyar namiji, ya danne ƙofar. Wani reshen ya hau bakin rufin ya lotsa kwanon. Ɗakin kuwa ginin ƙasa ne.

Ɗan shirun da ya biyo baya, ban san tsawonsa ba. Sai na ji ta tsala kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na ranar ba.

Na zaga baya inda taga take, 'yar ƙarama mai ƙarafa, hannu kaɗai ke shiga. Na gan ta tsaye bisa katifa tana miƙa hannu wajen ƙofa. Ruwa na zuba ta inda kwano ya tsage, bangon gaba kuma ya yi tsaga daga sama har kusa da kan ƙofar. Inna ta iso tana salati, ta ture ni ta kama ƙarafan. "Zo nan ƙawata, zo ki ga abin da na ɓoye miki," take ce wa yarinyar, tana nuna mata ƙuliƙuli ta tsakanin ƙarfe. Dabararta ita ce ta riƙe ta can baya, nesa da bangon da ya tsage. Yarinyar ta rarrafo gindin taga tana shessheƙa.

Kafin wani lokaci maƙwabta sun cika gidan, maza har tsakar gida, ba mai tuna sallama. Biyu sunka hau reshen da gatari. Sara na fari, na ji ƙasa ta zubo cikin ɗakin. Na biyu, Inna ta yi ihu daga baya, wai ɓaraguzai na faɗowa bisa kwanuka. Sai Baba magini, dattijon maƙwabcinmu, ya ɗaga sandarsa.

"Ku dakata! Ku dakata na ce! Kowane sara bisa bango shika sauka. Ni na gina ɗakin ga, na san abin da shika iya ɗauka. Ku ƙara ukku ku rushe shi bisa yarinya."

Wani ya ce to a fasa bangon baya. Baba ya ce nauyin rufin duk can ya koma, kuma can yarinyar take. Anka kawo igiya, maza sunka ja har jijiyoyin wuyansu sunka fito, itacen ko gezau. Ruwa kuwa yana shiga tsagar nan, ni ina kallon bangon yana canza launi, yana jiƙa daga sama zuwa ƙasa. Kowa ya san abin da ginin ƙasa ke yi in ya sha ruwa.

Ban san lokacin da na shiga shagon mai gidana na jawo injin ba. Na kawo shi gaban Baba na aje. Na ce wanga ba shi duka, yanka yake a hankali. Wani ya zura batirin da ke nan ya danna, shiru. Ya girgiza shi, ya bubbuga, shiru. Na ce sai da biyu. Sai wani mai kabu-kabu da ke cikin taron ya ce a ciro batirin mashin ɗinsa a jona da waya, ai batir batir ne. Har ya fara neman sukudireba. Na ce a'a, mai gida ya ce in ba nasa ba ƙonewa yake. Baba ya ce, "Kun ji. Ku ƙone shi mu rasa duka."

Anka kira wayar Yaya, ba ta shiga. Ta mai gidana ma haka. Daga nan maza sunka tsaya shawarar wa za shi je. Wannan ya ce mutumin ya rantse, wancan ya ce sai dai a biya ta wurin liman, wani ya ce shi ba shi shiga faɗan 'yan'uwa. Ba mugunta ce ba, na sani, kowa tsoron a kunyata shi yake. Amma ni bangon nake kallo. Na juya wajen mai kabu-kabun nan na ce, "Malam, tada mashin." Ya dube ni, ba takalmi, zane jiƙe, hijabin Inna ne ma a kaina ban sani ba. Sai ya tada.

Gidan Yaya can ƙarshen gari yake, wajen hanyar fadama. Hanyar duk ruwa, mashin na zamewa, ni ko addu'a ta ƙi haɗuwa a bakina, "Ya Allahu" kaɗai nake maimaitawa. Da munka isa na tarar da zauren cike da maza, Yaya da abokansa sun fake wa ruwa suna shan shayi. A da, ko da wuƙa a wuyana ba ni ratsa zauren nan. Na shiga tsakiyarsu ruwa na ɗiga daga jikina bisa tabarma, na dubi Yaya cikin ido, na ce:

"Yaya, ɗiyata."

Wallahi ranar na fara faɗin kalmar nan da bakina. Yaya ya aje kofinsa.

"Mi yas same ta?"

"Icce ya faɗa bisa ɗaki, tana ciki. Gatari na rushe bango. Inji na nan, batir ɗaya muke da shi."

Bai bari na rufe baki ba ya miƙe. Wani abokinsa, mai son a ce ya san addini, ya ce, "To, amma fa ka rantse." Yaya ya ce, "Ina yin kaffara. Janye ƙafarka in wuce." Ya shiga ciki ya fito da batirin a hannu. Daga bisa caja ya ciro shi, har da ɗumi. Ashe duk tsawon ranin nan mutumin ga cajinsa yake yi, alhali ba shi da abin da zai zura shi.

Shi ya riga mu isa, don tuƙin da ya yi ranar ba na mai iyali ba ne. Na same shi durƙushe gaban injin. Ya shafa sarƙar da babban yatsa, ya ce a hankali, "Ashe ƙanena ya wasa ta." Zai zura baturan na ce, "Yaya, duba namu. Fitila guda ta rage mishi." Ya danna nasa, huɗu sunka kama. Ya danna namu, guda ɗaya. Na ga fuskarsa ta canza.

Mutane sunka ce ai ba komai, tunda ɗaya cike yake sai ya ja ɗan'uwansa. Yaya ya girgiza kai. "Ba haka shike ba. Tare shika shan su, daidai wa daida. Wanga mai rauni na mutuwa, inji ya tsaya, ko nawa na cike har baki. Abin da muke da shi, abin da ke cikin mai raunin ga na." Wani saurayi ya miƙo hannu wai a ɗan tada a ji ko yana yi. Na ce kada wanda ya taɓa. Ni kaina na yi mamakin muryata. Yaya ya ce, "Kun ji abin da uwar ɗiya ta ce."

Nan shi da Baba sunka zaga itacen suna nuni da hannu. Baba ya ce in an yanke reshen ƙofa, sauran nauyin zai zauna bisa rufin, don haka sai an tokare gangar itacen tukuna. Anka ciro gwafanni daga rumfar awaki, anka kafa su ƙarƙashin itacen, anka cusa turmina ma a ƙasa. Ni duk wannan jinkirin ji nake kamar ana yanka ni, amma na gane gaskiyarsu. Ba mu da yankan gwaji. Wurin da anka sa sarƙa, nan ne kawai. Daga bayan ɗakin ina jin Inna, ƙuliƙuli ya ƙare ta koma yi wa yarinyar tatsuniya.

Yaya ya yi bisimilla ya danna. Injin ya ɗauka. Ya fara sauke wani ƙaramin reshe da ya tare masa wurin tsayuwa, nan take ya faɗi. Sannan ya ɗora bisa babban. Bai danna da ƙarfi ba, ya bar sarƙar tana ci da kanta, garin itace jiƙaƙƙe na fallatsa bisa rigarsa. Ni ba reshen nake kallo ba, kunne na kasa. Na saba da kukan injin nan daga madafa, na san yadda yake in yana da ƙarfi. Ya wuce rabi lafiya. Can sai na ji kukan ya fara yin ƙasa. Na ce a raina, ya Allah, kaɗan, kaɗan dai. Ya ci, ya ci, sai ɗif.

Yaya ya sake dannawa, ba komai. Ya zare injin ya leƙa yankan. Abin da ya rage bai fi faɗin yatsu ukku ba. Baba ya ce, "Ya isa. Ba gatari. Igiya, ku ja waje, a hankali." Anka ɗaura igiya can ƙarshen reshen, maza sunka ja nesa da bango, Yaya ya sa kafaɗa. Reshen ya yi ƙara, ya yi ƙara, ya ɓalle ya mirgina cikin taɓo. Gwafannin sunka ɗan nitse, amma sunka riƙe.

Ƙofar ta lanƙwashe, da ƙyar anka ɓamɓaro ta kamar taƙi guda. Ba namijin da zai iya shiga nan. Ni na shiga a karkace, ƙarfen ya yage mini kafaɗa ban ji ba sai washegari. Ruwa ya kai idon sawu a ɗakin. Tana gindin taga zaune cikin ruwan, kanta duk ƙasa, hannunta dunƙule da jiƙaƙƙen ƙuli. Na sunkuce ta na miƙa wa Yaya ta tsagar ƙofar, sannan na fito. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Na karɓe ta na zauna cikin taɓon tsakar gida ina kuka ina shinshinar kanta, gaban Inna, gaban Yaya, gaban mazan unguwa duka. Ba wanda ya tsawata mini. Inna ma da ta zagayo, zanenta ta kwance na sama ta lulluɓe mu. Ba a yi la'asar sakaliya ba saman bangon gaba ya sulale ya zube ciki, daidai bakin katifa.

Gab da magariba mai gidana ya shigo da ƙullin ƙusa a hannu, tun a hanya an ba shi labari. Ya tsaya ya dubi ɗakin, ya dubi ɗiyar a bayana, sannan ya ga yayansa zaune bisa gangar itacen yana goge injin da tsumma. Ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Yaya bai amsa gaisuwar ba, ya ce, "Batirinka ya mutu." Mai gidana ya ce, "Caja na wurinka, Yaya." Kowane ya sunkuyar da kai ƙasa.

Inna ce ta raba gardamar. Ta zo ta tsaya kansu ta miƙa hannu biyu. "Ku ba ni. Duka biyun. Kai kuma gobe ka kawo mini abin cajin." Yaya ya fara cewa ai Inna ba ki san yadda ake... Ta ce, "Ni ban sani ba, amma ga wadda ta sani," ta nuna ni da haɓa. "Ɗakina za su zauna. Mai son aiki shi zo shi yi sallama shi ɗauka, biyu tare, shi maido biyu tare. Tunda ku manyan banza ne." Haka kuwa anka yi. Har yau can suke, ni ke ɗora su a caja, ni ke duba su. Yaya ya ciyar da miskinai ya fita rantsuwarsa, da shi anka sake ginin ɗakin.

Abin da ranar ta koya mini, na riƙe shi da kyau. Faɗan manya ba bisa kansu yake faɗowa ba, bisa wanda ba shi ciki yake faɗowa. Mutum biyu sunka raba inji don kowane ya nuna shi ma wani ne, wadda ta kusa biya da ranta ko magana ba ta iya ba. Kuma mu da muke gefe muna kallo muna cewa ba ruwanmu, da ruwanmu. Shi ya sa yanzu in na ga an fara irin wannan rabon a gidanmu, na abin da ba shi aiki sai a haɗe, ba ni jiran hadari ya taso. Ina gaida babba da ladabi, in durƙusa yadda anka koya mini, sannan in faɗi abin da na gani tun rana na sama.